Tambayar Mako na Tara

Ɗakin gwajin bai fi ɗakin ajiyar kaya girma ba. Kujeru biyu ne suna fuskantar juna, da ɗan tebur mai kwalin takardar share hawaye a kai, sai agogon bango marar ƙara, wanda aka zaɓa musamman don kada ya dami mai kuka. Bango ɗaya gilashi ne. Na ciki idan ya duba fuskarsa kawai zai gani, na waje kuwa yana ganin komai, har da rawar gwiwa. A bayan gilashin nan Dakta yake tsaye cikin duhu da sauran ɗalibansa goma, hannunsa ɗaya a aljihu.

Mako na tara ne na zangon karatu, kuma duk wanda ya taɓa zama a ajin Dakta ya san abin da wannan makon yake nufi. Masu koyon aikin ba da shawara ne, waɗanda gobe za a rufe su a ɗaki da mutanen da duniya ta yi wa zafi. A wannan makon ba a buɗe littafi. Ɗalibai suna shiga bibbiyu, ɗaya ya zama mai ba da shawara, ɗaya ya zama wanda ya zo da damuwa, kuma aikin gaba ɗaya tambaya ce guda tak. Ka dubi mutum cikin ido ka ce masa, "Kana tunanin kashe kanka?" Ba kwana-kwana, ba sassautawa. Dakta yakan ce musu tambayar ba ta taɓa sa wa kowa tunanin da ba shi da shi ba, rashin yin ta ne yake cin mutane.

Yau autar ajin ce a kujerar mai tambaya, wata 'yar firit da ƙafarta da ƙyar take taɓa ƙasa. A gabanta Dogo ne, ya naɗe ƙafafunsa a ƙarƙashin kujera don su samu wurin zama.

"To… kana jin kamar, wato, kamar ka gaji da komai?" in ji ta.

Dakta ya ƙwanƙwasa gilashi da zobensa. Ta zabura, ta gyara zama.

"Ba dai kana tunanin yin wani abu marar kyau ba ko?"

Ya danna maɓallin magana, muryarsa ta fito ta lasifikar ɗakin. "Wane abu marar kyau? Satar keke? Faɗi kalmar."

'Yan bayan gilashi suka tuntsire da dariya, irin dariyar waɗanda suka san layi zai zo kansu. Dogo ya sunkuyo wajenta, ya yi magana a hankali kamar mai lallashin ƙanwarsa.

"Faɗi kawai. Ba cizo take yi ba."

Ta rufe fuska da tafin hannu. "Wallahi ba zan iya ba. Kai ne fa, Dogo! Ji nake kamar zaginka zan yi."

Lokaci ya cika ba ta faɗa ba. Ta fito da gudu tana fifita da littafi, 'yan aji suna tsokanarta. Dogo bai tashi nan da nan ba. Ya zauna shi kaɗai, hannuwansa a kan gwiwa, yana duban gilashin. Dakta ya san fuskarsa kawai yake gani a ciki, amma duk da haka sai da ya kawar da kai ya shiga tattara takardunsa.

Dakta mutumin kirki ne, wannan ba a ja. Sai dai fa yana son a san ya sani. Shekara goma sha ɗaya ke nan da barinsa gida ya zo wannan jami'ar, kuma abin da ya yi masa suna wata lacca ce da yake kira "Al'ada ba cuta ba ce". A ciki yakan ba da labarin wata tsohuwa baƙuwa da wani matashin likita ya rubuta wa ciwon damuwa don ta ƙi kallonsa cikin ido, alhali ita girmama shi take yi. Yakan ba da na wani magidanci da aka ce yana gudun gaskiya don duk abin da aka tambaye shi sai ya ce da godiya. Idan ya zo nan sai ya cire tabarau, ya dubi zauren, ya ce, "Kafin ku rubuta wa mutum ciwo, ku tambayi yadda ake gaisuwa a gidansu." Tafi ake yi masa har ya gaji da sunkuyawa. Jami'o'i a ƙasashe huɗu sun gayyace shi ya je ya maimaita, kuma ko sau ɗaya bai taɓa mantawa da cire tabarau a daidai wurin ba.

Dogo kuwa shekara biyu da suka wuce ya sauka. A makonsa na farko Dakta yana tafe a barandar sashe da kofin shayi, sai ya ji an gaishe shi daga baya da harshen gida, harshen da ban da maiɗakinsa ba mai yi masa a garin nan. Ya juya ya ga wani zanƙalelen mutum ya rusuna har jakarsa tana taɓa ƙasa. Ba dangin iya ba na baba, amma daga ranar ya zama ɗan gida. A aji Dakta yake ce masa, a waje Kawu.

Dogo ya bar mata da 'ya ɗaya a gida, da mahaifi tsoho wanda ya gama shelanta wa unguwa cewa ɗansa ya tafi ƙasar waje zama likitan masu damuwa. Takarda ba ta taɓa ba Dogo wahala ba. Aikin gwaji ne ya kayar da shi, wato watannin da ake tura ɗalibi wata cibiya ya zauna da masu damuwa na gaske, wani yana duba shi. Karo na farko aka rubuta cewa ba ya haɗa ido. Karo na biyu aka ce shirunsa ya yi yawa, kuma yana kiran tsofaffi baba maimakon sunansu. Dakta ya yi faɗa a kwamiti har muryarsa ta dishe. Karo na uku ba a ma tsaya dogon bayani ba. Wasiƙa ce ta zo, layi shida: karatu ya ƙare, takardar zamansa a ƙasar kuma za ta mutu ƙarshen wata.

Mako uku Dogo ya yi kamar an zare masa laka. Bai fasa zuwa aji ba, amma gemu ya cika masa fuska, riga ɗaya ce a jikinsa, idan an yi masa magana sai an maimaita. Sai kuma ranar Litinin ɗin nan ya shigo fes, ya yi aski, ya goge riga, yana tsokanar kowa. Dakta ya ji daɗi har cikin ransa. Ya ce a zuciyarsa, namiji ke nan, ya karɓi ƙaddara.

Bayan an tashi daga ɗakin gwaji, bai gama zama a ofis ba aka yi sallama. Dogo ne rungume da kwali. Ya ajiye a kan tebur a hankali. Littattafan darasi ne guda tara, gefen kowane shafi cike da ƙananan rubutunsa, da butar lantarki, da wata 'yar fitilar karatu.

"Kawu, a ba wanda zai zo bayana. Kullum ana samun wanda ya sauka ba shi da komai."

"Kai, ɗana, har da butar? Da me za ka sha shayin safe?"

"Ai na sha rabona," in ji Dogo yana dariya.

Dakta ya nuna masa kujera, bai zauna ba. Ya tsuguna a gefen tebur, duk tsawon nan ya naɗe wuri ɗaya, ya sunkuyar da kai.

"Kawu, neman gafara na zo. Duk abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe ni. Ka sha faɗa da mutanen nan saboda ni, ni kuma na ba ka kunya."

"Subhanallahi! Wace kunya? Tashi, tashi. Ba ka yi mini komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Su ne ba su san abin da suka rasa ba." Dakta ya ji idonsa yana zafi, ya shiga gyara takardun da ba su buƙatar gyara. "Yaushe tafiyar?"

"Ta kusa, Kawu."

"Mutanen gida sun sani?"

"Za su ji."

Ya miƙe, ya ƙara rusunawa a bakin ƙofa, ya fita. Dakta ya daɗe yana shafa bangon littafin da ke sama. Har ya fara tunanin yadda zai sa wannan sallamar a cikin laccarsa, ba tare da ambaton suna ba.

Shugabar sashe ba ta da ɗabi'ar shiga ofishin mutane, takarda take aikowa. 'Yar ƙasar ce, siririya mai furfura, ta kusa ritaya. Kafin ta zo koyarwa ta yi shekara ashirin tana ɗaukar waya a layin da mutane suke kira idan sun kai maƙura. Yau da ƙafarta ta zo, ta rufe ƙofa, ta ƙi zama. Idonta yana kan kwalin.

"Shi ya kawo?"

"Shi ne. Yaro mai tarbiyya."

"Jiya ya ba mai sharar benen nan kekensa," ta ce. "Rigar sanyinsa tana jikin wani ɗan ajinku, da idona na gani. Da safen nan ya je har cibiya ya nemi matar da ta kayar da shi, ya ce ta yafe masa. Ita ta kira ni, muryarta tana rawa. Mako uku yana yawo kamar ba rai a jikinsa, yau kuma dariya yake yi. Dakta, kai ka rubuta mana jerin alamomin nan. Ga su can manne a bayan ƙofarka."

Dakta ya jingina da kujera. Wani abu ya taso masa, kuma ba tsoro ba ne. Haushi ne, irin na wanda baƙo ya zo yana nuna masa hanyar gidansu.

"Ranki ya daɗe, abin da nake faɗa ke nan shekara goma sha ɗaya. A wurinmu ko kwana biyu mutum zai yi a wani gari sai ya bi mutane ya nemi gafara. Wanda zai tashi ba ya jan tarkacensa, rabarwa yake yi. Me zai yi da rigar sanyi a inda zai koma? Kun kayar da shi don bai kalle ku cikin ido ba. Yanzu ya yi muku sallama irin ta mutanen kirki, kun ce ciwo ne."

"Mai yiwuwa kana da gaskiya. Sau da yawa kana da ita." Ba ta ɗaga murya ba. "Ka tambaye shi?"

"In tambaye shi me?"

"Tambayar mako na tara."

"Haba! Mutum mai addini, mai iyali? In dube shi in ce masa haka? Ai gara in ɗaga hannu in mare shi. Zagi ne, ranki ya daɗe, zagin da har iyayensa zai shafa."

"Ni na tambaye shi," ta ce. "Ɗazu na tare shi a baranda. Ya yi mini murmushi, ya ba ni amsar da ke cikin littafinka, kalma bayan kalma. Yana da iyali, yana da addini, yana da abin da yake jira. Ɗalibinka ne, ya san amsar da take sa a ƙyale mutum. Ni baƙuwa ce a wurinsa. Kai ne kawunsa."

"Zan leƙa shi gobe."

"Me ya hana yau?"

"Yau takardun jarrabawa arba'in ne a gabana."

Ta dube shi, ta dubi tarin takardun, ta ƙara dubansa. Sannan ta fita, ta bar masa ƙofar a buɗe. Ya ja tsaki, ya jawo takarda ta farko ya ɗauki jan biro. Sau uku yana karanta shafi ɗaya bai san abin da ɗalibin yake faɗa ba. Ƙarfe uku na yi ya kulle ofis ya tafi gida.

Ya tarar da maiɗakinsa a kicin, 'yan biyunsu ba su dawo daga makaranta ba. Ita ba ta taɓa zama a ajinsa ba, kuma takan ce ilimin nasa duka sauraron gulma ne aka ba shi takardar shaida. A kan tebur kulolin abinci ne guda uku a jere, an wanke su tas. Gefe kuma wani ƙulli ne da aka ɗaure da igiya.

"Baban 'yan biyu, ɗan naka ya zo ɗazu."

"Sallama ko? Ni ma ya je mini ofis."

"Ya dawo mini da kulolina, har da wadda na manta da ita tun bara. Ya tsuguna nan bakin ƙofa yana neman gafara, sai da ya sa ni hawaye." Ta rufe famfo, ta goge hannu. "Amma ni fa wani abu ya tsaya mini a rai."

"Ke ma?"

"Ni ma da wa? Ka ga ƙullin can? Maganin ciwon ƙafar Inna ne da takalman yaran Yaya. Tun da na ji zai koma na haɗa. Na miƙa masa, ya ƙi karɓa."

"Wataƙila kaya sun yi masa yawa."

"Wane kaya, mutumin da ya ce mini ya rabar da komai? Cewa ya yi, 'Anti, ki ba wani, kada ya maƙale a hannuna.' Shekara nawa muna ƙasar nan? Ka taɓa ganin mai zuwa gida ya ƙi saƙo? Ko ba ya so ai karɓa yake yi, ya je filin jirgi yana zaginka a ransa." Ta jawo kujera ta zauna tana fuskantarsa. "Na ce masa, to me ka saya wa 'yar taka? Yarinyar da ya bari tana rarrafe, yanzu gudu take yi. Ya ce bai saya ba tukuna. Na ce matarka fa? Baba fa? Dariya kawai ya yi. Baban 'yan biyu, ko korar mutum aka yi, ko da 'yan sanda aka raka shi, ai zai tsaya ya sayi alewa ya zuba a aljihu. Wa yake shiga gida hannu rabbana bayan shekara biyu?"

Dakta ya tuna bayanin da ya yi wa Shugaba. Gaskiya ne mai tashi yana rabarwa. Amma mai komawa gida saye yake yi, yana cusa tsaraba a akwati har sai an hau kai an danna. Shi kansa sau nawa ya biya kuɗin kayan da suka wuce awo saboda takalman 'ya'yan mutane? Ya ga rabarwar, ya yi ta murna da ita. Sayen da babu, bai ko nema ba.

Ya ciro waya ya kira Dogo. Bugu biyu aka ɗauka.

"Kawu! Lafiya dai?" Muryar fes, kamar ta wanda ya yi barci ya ƙoshi.

"Lafiya lau, ɗana. Kana ina?"

"Ina ɗaki, ina ɗan share-share."

"To. To, madalla. Dama cewa na yi… ka ci abinci?"

"Na ci, Kawu."

Maiɗakinsa tana zaune tana kallon bakinsa.

"Zan leƙo ka gobe da safe, mu yi maganar tafiyar."



"To, Kawu. Na gode da komai. A gaida Anti."

Wayar ta mutu a hannunsa.

"Me ka ce masa?" in ji ta.

"Na ce gobe."

"Na ji wannan. Shi me ya ce?"

Dogo, wanda ko an jima ka ce masa sai ya ce Allah ya kai mu, yau an ce masa gobe ya yi godiya. Dakta ya figi mabuɗin mota. Sai da ya taka birki a mahaɗar farko ya lura silifas ɗin cikin gida ne a ƙafarsa.

Lokacin tashi daga aiki ne, motoci sun cushe titi, kowace danja sai da ta tsayar da shi. Ya kira Shugaba, ya ce mata yana hanya. Ba ta ce ai na gaya maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Cewa ta yi za ta sa masu agaji su tsaya kusa, kuma duk abin da ya ji kada ya bar shi shi kaɗai.

Ya riƙe sitiyari ya gwada tambayar a fili. Da harshen aji ta fito sumul, don ya faɗe ta ya fi sau dubu, a gaban zaure, a gaban kwamiti, har a bidiyon da ake nuna wa sababbin ɗalibai. Ya gwada ta da harshen gida. "Ɗana, kana…" Nan ta tsaya. Ya sake. "Ɗana, shin…" Harshensa ya yi nauyi kamar ba nasa ba. Sai a lokacin ya tuna bai taɓa jin an yi wa mai rai wannan tambayar da harshen da aka yi masa goyo da shi ba. A kan matattu ake faɗa, a raɗe, bayan an kori yara daga ɗaki, sannan a rufe maganar a ce zazzaɓi ne. Na bayansa ya danna masa oda, ya ɗaga kai ya ga danja ta daɗe da ba da hannu.

Ginin kwanan ɗaliban dogo ne mai ƙananan tagogi iri ɗaya. Mai kula da shi yana zaune a ƙofa da jarida, wani dattijo mai tumbi.

"Dogon nan? Yana sama, hawa na huɗu, ɗaki na ƙarshe. Mutumin kirki. Ɗazu ya kawo mini mabuɗin akwatin wasiƙunsa, wai ba ya jiran komai."

Dakta bai tsaya jiran na'urar hawa ba, ya bi matakala. A hawa na uku silifas ɗaya ya fita daga ƙafarsa, ya koma ya sa, yana haki. Barandar hawa na huɗu doguwa ce, ƙofofi a jere, wani yana jin kiɗa a ɗaki na biyu. Ya isa ta ƙarshe ya ƙwanƙwasa. Shiru. Ya ƙara da ƙarfi, har gaɓar yatsunsa ta yi zafi.

"Ɗana! Ni ne."

Bai san tsawon lokacin da ya tsaya ba. Ya dai san ya fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, ba kai ba gindi. Can ya ji motsi, sannan takun ƙafa, sannan mabuɗi ya juya sau biyu.

Dogo ne cikin farar riga mai guga, fuskarsa da murmushi. Ɗakin yana ƙamshin sabulun wanke ƙasa. Katifa tsirara, zanin gado a ninke a kanta. Ƙofar kabad a buɗe, ba komai a ciki sai maratayan kaya. Idon Dakta ya zagaya bayan ƙofa, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya hau saman kabad. Babu akwati, babu ko jakar hannu. A kan tebur ambulan uku ne a jere, gefensu daidai da gefen tebur, kuma a bayan na farko an rubuta Kawu da ƙananan rubutun nan. Dogo ya ɗan matsa, ya tsaya tsakaninsa da teburin.

"Sannu da zuwa, Kawu. Ga shi ko ruwa babu in ba ka."

"Ba komai, ba komai. Ya gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ya sanyi?"

"Da sauƙi."

"Ya… ya shirye-shirye?"

"An gama, Kawu."

Gaisuwa ta ƙare masa. Ya laluba ko akwai wata, babu. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga kai don ya samu idon Dogo, ya yi tambayar da harshen aji, da muryar da ya saba.

"Kana tunanin kashe kanka?"

Murmushin Dogo ya ƙara faɗi. Da harshen ajin ya amsa shi ma.

"Maki goma, Dakta. Ga haɗa ido, ga murya a kwance. A'a, ba na tunani. Ina da iyali, ina da addini, ina da…"

Dakta ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ya zauna a bakin katifa. Ya kamo wuyan hannun Dogo ya riƙe, ya ji shi sanyi ƙalau. Tsoro yake ji, tsoron da rabonsa da irinsa tun yana yaro. Ya koma harshen gida.

"Ɗana, dube ni. Ba malaminka ke tambaya ba, kawunka ne. So kake ka kashe kanka?"

Kalmomin sun fito da muni, da nauyi, ya ji kamar ya yi ashar a gaban mahaifinsa. Ya zauna yana jira Dogo ya fizge hannunsa, ya nemi tsari, ya ce haba Kawu, ni za ka yi wa wannan zagin? Wallahi a ransa roƙo yake yi a yi fushi da shi. Ko korarsa Dogo ya yi daga ɗakin, ko ya daina gaishe shi har abada, da gudu zai karɓa.

Dogo bai yi fushi ba. Murmushin ne ya sauka a hankali, ya bar fuskar da Dakta ya yi mako uku yana gani a aji. Ya waiwaya ya dubi ambulan ɗin, ya dubi hannun da ke riƙe da nasa. Sannan dogayen ƙafafun suka lanƙwashe, ya zame ya zauna a ƙasa, bayansa jingine da kabad. Dakta ya sauko daga katifa ya zauna kusa da shi a kan simintin da aka wanke, bai saki hannun ba. A baranda wasu ɗalibai suka wuce suna dariya, aka buɗe wata ƙofa aka rufe.

Da Dogo ya yi magana, muryar ƙarama ce, da ƙyar ta fito.

"Kawu," ya ce, "ai gobe ka ce za ka zo."